Sarƙar da Ba na Ƙirgawa

Da kakata ta rasu a Gummi, abin da ya zo hannuna cikin gado shi ne sarƙar wuyanta ta azurfa, ƙwaya talatin da uku, duk sun yi baƙi. Babu biyu da suka yi kama, domin maƙerin farfaru ne ya ƙera su ɗaya bayan ɗaya. Irin waɗannan maƙera sukan narka riyal, wato kuɗin Ostiriya mai hoton Mariya Tereza da shekarar 1780, wanda fatake suka riƙa shigowa da shi ƙasar Hausa.

Tun daga nan na kamu da son tara su. Yau ina Anka, gobe Bukkuyum, ina cigiya. Da can sai na yi wata shida ban samu mai sayarwa ba. Amma bayan gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta, ga kuma 'yan bindiga sun tashi garuruwa, sai sarƙa ta yi araha.

Wata ran kasuwa a Anka wata tsohuwa ta kwance tata daga bakin zane, ta ce, "Ɗana, ba don yunwa ba, da ita za a kai jikata ɗaki." Na taya, ta sallama nan take. Daren nan barci ya ƙaurace mini.

Kasuwa ta zagayo na koma nemanta, ban gan ta ba. Sarƙar tana nan a ƙulle cikin ƙyallenta. In ina ƙirga nawa, ba na haɗawa da ita.