A Kasuwar Ƙuma ta Saint-Ouen, Neman Mutum-mutumin Ɗinki

Duk wanda ya san Katako a Yamai ya san rabin kasuwar Saint-Ouen tun bai taka ta ba. Sauran rabin kuwa, sai ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Paris, layi na 4, ya zauna har inda layin ya ƙare a Porte de Clignancourt, ya fito ya miƙe arewa da ƙafa, ya ratsa ƙarƙashin babbar hanyar da ta kewaye birnin. Can take ci ran Asabar, Lahadi da Litinin. Faransawa na kiranta kasuwar ƙuma, domin tsummokaran da aka fara sayarwa a wurin ba su kaɗai suke zuwa ba. Masu tsince-tsince a juji ne suka kafa ta bayan ganuwa, sa'ad da hukuma ta takura musu a cikin gari, musamman bayan Eugène Poubelle, mai mulkin jihar Seine, ya tilasta wa masu gidaje zuba shara a garwa mai murfi a 1884. Daga 1885 ake lissafin haihuwarta. Yau ta ci fili kamar hekta 7, kasuwanni ne cikin kasuwa, kowace da sunanta: Vernaison, Biron, Paul Bert, Malik, Dauphine.

Wata Asabar ta lokacin sanyi, wata ma'aikaciyar gwamnati ƴar Damagaram, wadda aka turo horo na mako uku, ta shiga wannan kasuwa da metir na awo a cikin jaka da ƴar takarda mai lambobi. Manikan take nema, wato mutum-mutumin da tela ke sa wa riga kafin a sa wa mutum. Ba kuma kowane iri ba: mai buɗewa da tsukewa, na hannu, wanda kuɗin guzurinta zai iya.

Mai karatu zai ce, me ya kai ta? Telolinmu sun shekara aru-aru suna ɗinki ba su nemi wannan abu ba. Gaskiya ne, kuma dalilin a fili yake. Babbar riga da bubu ba su tambayar inda ƙugu yake. A auna tsawo, a auna faɗi, shi ke nan. In ma ana shakka, sai mai ɗinki ta aiko da tsohuwar rigarta a yanka a kai. Amma ita wannan baiwar Allah ɗinkin mata take yi da dare a gida, bayan ta tashi daga biro, kuma abin da ƴan mata da amare ke kawo mata shi ne riga mai kama jiki da siket mai bin kwankwaso. A nan kuskuren santimetir 2 ya isa ya ɓata shaddar da aka saya da tsada. Matar aure ba ta fitowa sau uku don gwaji. Ita kanta, in rigarta take ɗinkawa, ba ta da hannu a baya da za ta kafa allura. Gabanin wata Sallah ta taɓa biyan kuɗin leshin maƙwabciya da albashinta, kuma har yau gaisuwarsu ba ta koma yadda take ba.

Ta fara da lungunan Vernaison, inda ta yi kiciɓis da abin da ya kusa raba ta da hankalinta: tsohon manikan na gidan Stockman, rufe da yadi mai launin ƙasa, da tambarin gidan a jikinsa. Frédéric Stockman ya kafa sana'ar a Paris a 1867, da takarda da manne ake gina jikin, da hannu, kuma manyan gidajen ɗinki na birnin a kansa suke aiki. Allura na shiga ko'ina a jikinsa. Mai shagon ya ce Yuro 350, wato kusan jika 230 na sefa, tunda Yuro guda tamma 656 ne. Ba tela yake jira ba, mai kuɗin da zai ajiye shi a falo don ado yake jira. Ta ɗora metir a ƙugun, ta ga awon matan da ake ɗaure wa ciki da igiya shekara ɗari da suka wuce. Ko kyauta aka ba ta, babu mace guda a Birni ko Zango da za ta shiga rigar da aka yanka a kansa. Ga shi kuma ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa.

Abin da take nema yana can gefe, a titin Jean-Henri Fabre da ke bin gindin babbar hanyar, inda kaya ke zube kan tamfol: tsofaffin rediyo, takalma, tukwane, keken ɗinki marar ƙafa. Nan ne Katakon gaskiya. Wani dattijo mai sayar da kayan gidajen da aka kwashe yana da guda biyu, tsaye kamar kishiyoyi, ja da shuɗi.

Irin wannan manikan ɗin fanko ne. Jikin roba ne da aka raba ɓangare-ɓangare, aka lulluɓe da soso siriri da yadi. A tsakanin ɓangarorin akwai ƴan tayoyi masu haƙora, a ƙirji, a ƙugu da kwankwaso, gaba da baya da gefuna. A murɗa su, jiki ya buɗe, a mayar, ya tsuke. Ta murɗa kowace taya har ƙarshe ta dawo da ita, guda 12, dattijon yana kallonta yana hura hannu. A jan, taya biyu na juyawa a banza, haƙoransu sun cinye. Ta kifa shi ta duba inda sandar ƙarfe ke shiga, ta tarar da tsaga. Wanda ya tsage a nan ba ya sake tsayuwa daidai, kuma riga a jikin karkatacce karkatacciya take fitowa. Shuɗin lafiya lau, sai dai abin shata bakin siket ya ɓace. Ta kai hanci ta shinshina, don kayan da suka daɗe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa kan ɗauki warin fumfuna da ba ya fita, ya kuma bi shaddar mutane. Babu.

Saura babbar magana. Ta buɗe shi iyakar buɗewarsa, ta auna: kwankwaso santimetir 108. Ta duba takardarta: uku daga cikin masu kawo mata ɗinki sun wuce haka. Kuma da ya buɗe sosai, sai ramuka suka bayyana a tsakiyar gaba da baya, daidai inda tela ya fi bukatar kafa allura. Wannan ita ce ƙaryar da ke cikin abin. Taya na ƙara kewaye, amma ba ta san tumbi ba, ba ta san matar da ta shayar da ƴaƴa biyar ba, ba ta sauke kafaɗa ko ta ɗaga ta. Masu sana'ar sun san maganin: a bar shi ƙasa kaɗan da awon mutum, a sa masa tsohuwar rigar mama a cusa auduga, a naɗa auduga inda jiki ya cika, a rufe da riga mai kama jiki, a sake aunawa. Auduga kuwa ba ta yanke a Damagaram ba.

"Mushe, nawa?" Ya ce 70. Ta nuna masa gurbin abin da ya ɓace, ta ce 30. Ya ɗaga hannu sama ya kira ta Madam sau uku, ya rantse sabo ya ninka haka. Ta juya kamar mai tafiya, dabarar da ke aiki a kasuwar Dole take aiki a nan ma. Suka tsaya a 45, jika 29 da rabi.

Wahalar ta biyo baya. Ba shi da nauyi, amma ya cika akwati guda cikin biyun da jirgi ya yarda mata, masu kilo 23 kowane. Ta kwance ƙafar da sandar, ta tsuke tayoyin duka, ta cusa tsarabar yara a cikin fankon cikinsa, ta naɗe shi da rigunan sanyi. Takalman da ta saya wa maigida sai a hannu. Daga Yamai kuma ga kilomita wajen 900 a mota, ta ƙi yarda a ɗora akwatin a sama.

Ran da ta kafa shi a ɗaki, uwar mijinta ta tsaya bakin ƙofa ta daɗe tana dubansa.

"Ke, gunki kika kawo mana gida?"

"Inna, ba shi da kai, ba shi da fuska. Abin aiki ne, kamar keke."

Tsohuwar ta matso, ta ƙwanƙwasa ƙirjinsa da yatsa, ta ji fanko. Ta ciro mayafi daga igiya ta yafa masa, ta ce in an gama aiki a riƙa rufe shi, kada jikokinta su farka da dare su gan shi tsaye.