Tsohon Maharbi Da Ƙwayar Dalma

A unguwar Bolari, cikin garin Gombe, akwai wani dattijo maharbi wanda ya shafe fiye da shekara hamsin yana shiga daji. Ya gaji sana'ar ne daga mahaifinsa, ya fara da kwari da baka, daga bisani ya koma ga bindigar toka. Idan kaka ta yi, aka kawar da amfanin gona, sai ya nufi dazuzzukan gefen kogin Gongola, ko bakin ruwan Dadin Kowa, ya komo da fakara da zabin daji, wani lokaci har da dinya. Harsashinsa kuwa shi yake yin abinsa. Yakan sayi dalmar tsohon batirin mota, ya narka ta cikin gwangwani a tsakar gida, ya zuba ta ƙwaya-ƙwaya, jikokinsa ƙanana suna kewaye da shi suna kallo.

Wata rana da yamma, babban jikansa mai karatun ilmin halittu a jami'a ya tarar da shi a kan wannan aiki. Bayan sun gaisa, yaron ya ce, "Kaka, ka san akwai ƙasashen da in aka kama mutum yana farauta da irin wannan harsashi sai an ci shi tara?" Dattijo ya yi dariya, ya ce, "Kai dai da ƙarya, ɗan boko. Harsashi ai don kisa aka yi shi. Ina ruwan zabo da irin ƙarfen da ya kashe shi?"

To, amsar da yaron ya ba shi ita ce ta hana dattijo barci a daren nan. Ya ce zabon da aka harba aka ɗauka ba shi ne abin damuwa ba. Duk harbi guda, ƙwayoyi kaɗan ne suke samun tsuntsu, sauran sai su zube a ƙasa ko cikin ruwa, su yi shekaru ba su ruɓe ba. Agwagwar ruwa kuwa tana haɗiyar tsakuwa domin ƙundunta ya niƙa abinci. In ta tsinci ƙwayar dalma a maimakon tsakuwa, ƙundun sai ya niƙa ta, gubar ta shiga jini, tsuntsuwar ta rame, ta kasa tashi, ta mutu cikin ciyawa inda ba wanda zai gan ta. Haka nan dabbar da aka harba ta tsere ta mutu a daji, ko kayan cikin da maharbi ya zubar, ungulu da shaho sukan ci, su haɗiye dalmar tare da naman.

Saboda wannan dalili ne ƙasar Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da harsashin dalma tun shekarar 1991. Ƙasar Denmak ta hana ƙananan ƙwayoyin dalma gaba ɗaya a 1996. A jihar Kalifoniya akwai wata babbar ungulu wadda a 1987 guda 27 kaɗai suka rage a duniya, har sai da aka kama su duka aka tsare domin su hayayyafa. Bincike ya nuna gubar dalma ce babbar abokiyar gabarta, saboda haka daga watan Yuli na 2019 jihar ta hana kowace irin farauta da dalma. Tarayyar Turai ita ma ta hana harbi da ƙwayoyin dalma a fadamu da kewayensu daga watan Fabrairu na 2023. Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar 1995 ta kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, irin waɗanda suke sauka a fadamar Haɗeja da Nguru da hunturu, yarjejeniyar kuwa ta nemi a daina harbi da dalma a fadamu.

Dattijo bai sallama nan take ba. Ya ce shi ma ya lura ungulayen da suke cika mayankar Gombe a zamanin ƙuruciyarsa sun ɓace, amma kowa ya san masu kama su don sayar da kai da ƙafafu ga masu magani ne suka fi yi musu ɓarna, tare da masu sa guba a mushe. Ya ce kuma dalma tana da araha, tana da nauyi, ba ta cin bakin bindiga, talaka da ke neman abin miya ba zai iya sayen harsashin tagulla irin na Turawa ba. A nan fa gaskiyarsa ce, yaron bai musa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, ungulun nan tamu tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, kuma wanda ya rage kaɗan, kowace hasara babba ce a gare shi.

Daga nan sai ya tuna masa abin da ya faru a Zamfara a 2010, sa'ad da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Ya ce, "Kaka, dalmar da ta kashe su ita ce wannan da kake narkawa, ƙannena suna shaƙar hayaƙinta. Ita ce kuma ɓarɓashinta yake saura cikin naman da ake dafa mana." Dattijo ya dubi gwangwanin, ya dubi yaran, bai ce kome ba.

Da gari ya waye, sai ya tuna dokokin da mahaifinsa ya koya masa kafin ya taɓa riƙe baka. Ba a harbin dabba mai ciki. Ba a harbin mai shayarwa. Ba a kashe abin da ba za a ci ba, domin rai amana ne, kuma za a tambayi mutum a kansa. Ya ga cewa shekara da shekaru yana kiyaye waɗannan dokoki da idonsa da hannunsa, amma ƙwayoyin da ya bari a bakin ruwa suna karya su a bayansa, bai sani ba. Wannan ne ya fi yi masa ciwo.

Tun daga ranar bai ƙara narka dalma a gidansa ba. Ya koma ɗura bindigarsa da ƙwayoyin baƙin ƙarfe, yana matsawa kusa kafin ya harba, tun da ƙarfe bai kai dalma nauyi ba. Yakan ce abin da ya samu ya ragu kaɗan, amma zuciyarsa ta fi kwanciya. Ya kuma kai maganar gaban Sarkin Baka da sauran maharba, waɗansu suka karɓa, waɗansu suka yi masa dariya kamar yadda shi ma ya yi wa jikansa.

Lalle ya kamata hukumomin gandun daji su lura da wannan. Maharbanmu suna da shugabanni, suna da dokokin da suke girmamawa. In aka zauna da su aka bayyana musu yadda dalma take kisa bayan an gama harbi, aka kuma sauƙaƙa musu samun abin da zai maye gurbinta, doka za ta sami masu tsaronta a cikin daji. Allah ya sa mu bar wa jikokinmu daji da tsuntsayensa, amin.