Gadon Duna

A shekarar 2021 hukuma ta tashe mu daga Agbogbloshi, a tsakiyar Ankara ta ƙasar Gana, ta mai da kasuwar albasa Ajen Kotoku, can bayan gari. Duk wanda ya yi wannan ƙaura ya san yadda wurin yake da farko: da magariba ta wuce sai tsit, daga kai sai buhunanka sai duhu. Ga shi kayan da mota ke kawo mini daga Galmi rabinsu bashi ne. A lokacin ne wani mai gadi da zai koma gida ya bar mini baƙin karensa, wanda ya riga ya manyanta. Yara suka sa masa Duna.

Ban karɓe shi ba sai da na je wurin malamin unguwarmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, ya halatta?" Ya ce an yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da dama sun haɗa da na gadin dukiya in da buƙata. Ya ba ni labarin Ibn Abi Zaid mai Risala, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta hakan, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Sannan Malam ya ja kunnena: kada ya shiga ɗaki, kuma haƙƙinsa yana wuyana.

Ci da sha na riƙe. Makwanci kuwa ko a raina. A garinmu kare tona ƙasa yake yi a ƙarƙashin rumbu ya kwanta, shi ke nan. Amma ƙasarmu busasshiya ce. Nan kuwa daga Afrilu zuwa Yuli sama ba ta hutawa.

Wani dare a daminar bara ɓarayi suka yanka tampol ta bayan rumfa. Haushin Duna ne ya kore su, ko buhu ɗaya ba su ɗauka ba. Da safe na zo in yaba masa, sai na ga da ƙyar yake miƙewa. Ranar na fara duba shi da kyau. Gwiwoyin gaba sun yi kanta, gashin wurin ya kaɗe, cikinsa kuma duk ƙuraje. Likitan dabbobi ya matse ɗaya, sai ga farar tsutsa ta fito. Ya ce akwai ƙudan da ke zuba ƙwai a ƙasar da fitsari ya ɓata, tsutsar ta huda fatar duk abin da ya kwanta a kai. Kantar kuma aikin siminti ce. Ya ce, "Alhaji, a ɗaga shi daga ƙasa."

Autata ce ta nuna mini gadon karnuka a wayarta. "Baba, irin wannan za ka saya masa." Na bi ta har wani babban kanti, muka ɗauko wani abu kamar ƙaton gammo, mai gashi lallausa. Kuɗinsa ban faɗa wa kowa ba. Da na sauke shi a kasuwa, maƙwabcina ya ce, "Alhaji, saura filo da gidan sauro!" Aka yi ta dariya, ni ma na taya su, kunya kuwa kamar in nutse.

Duna ya shinshina, ya juya ya koma kan simintinsa. Daga baya na gane dalili: an yi abin ne don ƙasashen sanyi. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, don haka wuri mai sanyi yake nema. Kwana uku feshin ruwa ya jiƙa gammon, ya ƙi bushewa, ya soma wari. Ranar ta huɗu Duna ya yayyage shi.

Na ce to bari in tara masa tsoffin buhunan albasa. Likita ya ce in wanke su tukuna, kuma in kula kada ya ci albasa, ɗanya ko dafaffiya, don tana lalata jinin kare. Shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa ji ba.

Sai na daina tambayar waya, na tambayi mai kwanciyar. Na lura da shi dare biyu. Miƙewa yake yi a gefe ɗaya, bayansa jikin bango, fuskarsa na kallon ƙofa. Na auna shi da igiya daga hanci zuwa gindin wutsiya, na ƙara taƙi ɗaya. Kafinta ya haɗa mini gadon katako mai tsawon taƙi ɗaya daga ƙasa, yadda iska za ta bi ta ƙarƙashi, tsoho kuma ya hau ba tare da tsalle ba. Na yanko guntun katifa mai tauri, na naɗe da tampol, na shimfiɗa wankakken buhun algarara a kai. Buhu biyu ne: ɗaya na kai, ɗaya na shanya a rana saboda ƙuma da kaska. Da na ajiye shi a lungu ya ƙi hawa. Da na jawo shi inuwar kwano, inda yake hango ƙofa, kafin in juya ya haye.

Da daddare ina ba uwargida labari, har da alfahari. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Alhaji, shi yaron nan da ke kwana a rumfa, a kan me yake kwana?"

Na yi shiru, don na san amsar. Kwali. Ɗan garinmu ne, ubansa ya damƙa mini shi amana. Kullum da asuba nakan gan shi yana naɗe kwalinsa, bai taɓa kai mini kuka ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Alhali ni kaina da na zo ƙasar nan ina saurayi, watanni na yi ina kwana kan buhu a tasha, har yau bayana bai manta ba.

Washegari na koma wurin kafinta. Ya ce, "Wani karen ka ƙaro?" Na ce a'a, gadon mutum nake so, da katifa da gidan sauro. Da aka kawo, yaron ya tsaya yana kallo, ya ce, "Baba, na wa ne?" Na ce nasa ne, kuma ya yafe mini.

Duna ya warke, sai dai kantar ba ta baje ba. Maƙwabcina mai tsokana kuwa, kwanan baya na gan shi riƙe da igiya yana auna yaronsa da ido. Ban ce masa komai ba, kwatancen shagon kafintan kawai na yi masa.