Tuta, Takobi da Dogon Yaron Ƙofar Gidanmu

Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Ingila ya aiko mini da hoto ranar 23 ga Afrilu. Farar tuta ce mai jan gicciye, rataye a tagar gidan da ke kallon nasu. A ƙasan hoton ya rubuta: "Mushe, yau ce ranar waliyyin mutanen nan, amma kowa ya tafi aikinsa." Na daɗe da wayar a hannu. Hoton ya ɗauke ni ya mayar da ni Agiye, filin lakwal ɗinmu, cikin sanyin Disamba.

Waliyyin nasu Joj suke ce masa. Abin da Kiristoci suka riƙe shi ne, sojan Rum ne da aka kashe wajen shekarar 303 don ya ƙi barin addininsa, kabarinsa kuma yana Lidda, a ƙasar Falasɗinu ta wancan zamani. Bai taɓa taka Ingila ba. Sarki Edward na Uku ne ya ɗaukaka sunansa wajen 1348, har daga baya ya zama waliyyin ƙasa. Habasha da Jojiya ma suna ji da shi, a Falasɗinu kuwa jama'a na haɗa shi da Halliru. Ranar tasa ba ta hutu ba ce a Ingila, alhali maƙwabtansu na Ailan suna rufe ofisoshi ranar 17 ga Maris don nasu waliyyin. Tutar ma wasu Ingilishi na ɗari-ɗari da ita, saboda masu ƙyamar baƙi sun sha ɗaga ta a zanga-zanga. Sai in ana gasar ƙwallo take cika tituna ba tare da kowa ya tsargu ba. Na tausaya musu da na fahimci haka, domin na san nauyin mutum ya so ƙasarsa amma ya rasa inda zai kama.

Ni Ingilishin da na fara sani ba ta wuce Jibiya da Katsina ba. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta cewa Nijar ko Najeriya. In 'yarta ta zo daga kudu sai ta ce baƙin Ingilishi sun iso, mu kuma nan muna Faransa. In ka tambaye ta ita wace ce, amsa ɗaya ce: Bakatsiniya. Waliyyanta Ɗan Marina da Ɗan Masani ne, manyan malaman birnin Katsina, kuma da sunansu take tuna mana asalinmu, ko da yake kaburburansu na can bayan iyaka. Maƙwabcinmu Bagobiri kuwa zuciyarsa na Tsibiri, can wajen Gidan Rumji, tsagen fuskarsa ya ishe shi takardar shaida. Cikin mutane irin waɗannan gwamnati ta zo tana son ta shuka wani sabon abu mai suna ɗan Nijar, mu yaran lakwal kuma mu ne gonar.

Zamanin Seyni Kunce ne, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974. Tun farkon Disamba ake rage karatu a fara koyon maci, domin ranar 18 ce ranar Jamhuriya, wadda aka kafa a 1958. Hunturu ya farfasa mana ƙafafu, mushe na gaba da usur a baki, mu muna dukan ƙasa har ƙura ta rufe na baya. Ranar biki sufurefe da sarki na zaune a rumfa, gardawan gwamnati sun ƙame, 'yan Samariya sun yi anko da kalangu, dawaki na jiran a gama jawabi a yi sukuwa. A ɗaga tuta, mu buɗe baki mu rera taken ƙasa da Faransanci. Wani Bafaranshe ne, Maurice Thiriet, ya rubuta baitocinsa, aka ɗauke shi a 1961. Mun haddace shi tsaf, amma da za a tsayar da ni a ce fassara layi ɗaya, da na yi zuru. Iyayenmu da ke tsaye bayan igiya suna jiran dawaki ne kawai.

Abu ɗaya ya shige ni daga waɗannan shekaru. Wata rana mushe ya rufe ƙofar aji, ya sauke murya, ya bayyana mana launukan tuta da Hausa, harshen da ake rataya wa yaro alamar horo a wuya in ya yi shi a aji. Ya ce ruwan goron sama Sahara ce, koren ƙasa gonakinmu ne na kudu, farin tsakiya tsarkin zuciya, da'irar kuma rana ce. Da na koma gida na faɗa wa kakata. Ta ce, "To ashe da gonar ubanka a ciki." Daga ranar na fara kallon tutar da wani ido.

Abin da fareti ya kasa, kokowa ta yi shi. A 1975 aka fara gasar ƙasa a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, shi ya sa filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa yau. Duk shekara in gasa ta zo, Baba ya sayi sababbin batura, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a sa rediyo a tsakiya a kamo Muryar Sahel. Maza sun kewaye, mata na saurare ta bayan darni, in Sagalo ya ɗauki waƙa tsofaffi har gyaɗa kai suke. A nan na koyi taswirar ƙasata kafin in gan ta a bango. Na san akwai Dosso domin ɗan Dosso ya kayar da namu, na kwana ban ci tuwo ba. Na san Damagaram saboda ɗan kokowarsu Langa-Langa. Na san akwai Difa da Agadas, mutane masu wasu harsuna, amma suna ɗaura laya su shiga fili ɗaya da mu, alƙali ɗaya, takobi ɗaya. A bakin wannan rediyo na fara jin Baba ya ce "ƙasarmu" yana nufin har da su. Ba wanda ya koya masa da usur.

Sai 1984 ta zo da nata darasin mai ɗaci. Damina ta ƙi, Najeriya ta rufe iyaka, hatsi ya daina shigowa, har mutanen yankinmu suka sa wa yunwar suna El-Buhari. Kakata ta yi wata da watanni ba ta ji ɗuriyar 'yarta ba. 'Yan ci-rani da aka koro suka dawo da tabarma da buta. Wanda bai san shi ɗan Nijar ba ne, a shekarar nan ya sani.

Akwai kuma 3 ga Agusta, ranar 'yancin kai na 1960, wadda tun 1975 ta zama ranar dashen itace. Ma'aikatan gandun daji kan kawo dashe cikin baƙar leda, manya su dasa nasu a tafa, mu ma a ba kowa ɗaya. Yawancinsu ba sa ganin kaka, awaki ke gamawa da su, domin ranar da aka dasa ita ce ranar da aka manta. Nawa dogon yaro ne, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Na roƙa aka bar ni na kai shi gida. Baba ya haƙa rami a ƙofar gida, ya saro ƙayar magarya ya kewaye shi, ya ce, "Kai ka kawo shi, kai za ka shayar da shi." Rani uku ina zuba masa ragowar ruwan alwala da na wankin kwanoni. Sau biyu akuya ta tsinke masa kai, sau biyu ya sake tohowa.

Bayan yunwar nan ne manoman yankinmu suka canza salon sassabe. Maimakon a share gona ƙal, sai a bar tohon kututture, a rage rassa a bar masu ƙarfi. Gawo da kalgo da sabara da aduwa suka dawo. Ɗan Saga, nan cikin ƙasar Agiye, ta yi suna har baƙi daga ƙasashen waje na zuwa gani, masu bincike kuma sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar. A ganina babu bikin ƙasa da ya kai wannan aiki, kuma ba a taɓa ware masa rana ba.

Abubuwa sun sauya. Bikin 18 ga Disamba ya riƙa zagaya jihohi, Maraɗi ta karɓi nata a 2015 da sunan Maraɗi Kwalliya. A Yunin 2023 aka canza taken ƙasa, sabon ma da Faransanci yake. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Roƙona ga 'yan'uwana malaman lakwal, tun daga Gazawa har Gidan Rumji, shi ne kada a sake barin yaro ya rera abin da bai san ma'anarsa ba. A fassara masa da harshen uwarsa, Hausa ne ko Fulatanci ko Tamashek, ƙofar aji kuma a buɗe.

Na amsa wa ɗalibin nawa da cewa ya tsallaka titi ya gaida mai tutar nan, ya yi masa barka da ranarsu, in kuma ya zo hutun damina ya biyo ta Agiye. Dogon yaron yana nan. Mutum ɗaya ba ya iya rungume gindinsa, a inuwarsa aka yi zaman makokin Baba, kuma a nan ƙannena ke shimfiɗa tabarmi in gasar takobi ta zo.