Delhi, Birnin Da Ake Sayar Wa Baƙo Labari

Da yawa daga cikin jiragen saman da ke zuwa birnin Delhi na ƙasar Indiya daga ƙasashen waje cikin dare suke sauka, tsakanin ƙarfe goma sha biyu da asuba. Mutum ya yi sa'o'i yana zaune, ya gaji, ga barci ga kaya, bai san gabas ba balle yamma, a wannan hali ne zai fito daga filin jirgin sama na Indira Gandhi ya fuskanci birnin da ƙidayar 2011 ta ce mutanensa sun haura miliyan 16. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. 'Yan damfarar Delhi ba su jin Hausa, amma a kan wannan magana suka kafa sana'arsu.

Tun da yake mutanenmu suna zuwa wannan birni, wasu neman magani, wasu karatu, wasu fatauci, ya kamata mai karatu ya san irin macucin da zai tarar. Ba safai yakan zare wa baƙo wuƙa ba. Jarinsa bakinsa, hajarsa kuwa labari, kuma labarin kusan kullum guda ne, watau wurin da za ka an rufe shi.

Ga yadda abin yake tafiya. Baƙo ya shiga tasi ya faɗi sunan masaukinsa. Sai an yi nisa direba zai fara tambaya cikin ladabi, ko wannan ne zuwanka na farko? Da ya ji i, sai ya ce ai unguwar nan 'yan sanda sun datse ta saboda tarzoma, ko saboda wani biki, ko kuwa otal ɗin gobara ta cinye shi makon jiya. Wani lokaci har a iso wani lungu a tarar da mutum tsaye da sanda yana mayar da motoci, alhali da shi aka shirya. Daga nan direba zai nuna tausayi, ya ce bari ya kai ka ofishin kula da baƙi a bincika maka. A can za ka ga tebur da taswira da wani mai taye. Zai buga waya a gabanka ya miƙo maka, wata murya ta ce lalle daga otal ɗinka take magana, kuma babu ɗaki. Muryar nan ta abokinsu ce, watakila ma yana ɗaki na gaba. Kafin gari ya waye an gaya maka duk masaukan Delhi sun cika, an sayar maka da tafiyar mako guda a mota zuwa Agra da Jaipur, ko zaman gidan kwalekwale a Kashmir, a kan kuɗin da ya ninka na gaskiya.

Duk wanda ya san 'yan kamasho a tashoshin motocinmu zai gane tushen al'amarin. Direba yana da la'ada a kan kowane kai da ya kawo, mai sanda yana da tasa, mai amsa waya ma haka, kuma daga aljihun baƙo za a biya su duka. Shi ya sa musu da su ba ya ƙarewa, in ka rushe ƙarya ɗaya akwai wata a bayanta. Abin da ke karya su shi ne mutum ya tsaya a kan cewa a kai shi ƙofar masaukin ya gani da idonsa, in kuwa waya za a buga, ya buga da tasa, da lambar da ya rubuto tun daga gida.

Mafi sauƙi ma shi ne a kauce wa tarkon tun daga filin jirgi. Masaukai da asibitoci da yawa sukan aiko mota in an nema tun kafin a taso. Akwai kuma rumfunan da ake biyan kuɗin tasi a karɓi rasit, sai dai kada a miƙa wa direba rasit ɗin sai an sauka, domin da shi zai karɓi kuɗinsa. Ga kuma jirgin cikin gari da ake kira Metro, wanda ya fara aiki a 2002, aka buɗe reshensa na filin jirgi a 2011. Cikin kamar minti 20 yake kai mutum tashar Sabuwar Delhi, kuma babu wanda zai juya akalarsa zuwa ofishin wani. Amma ba ya aiki a tsakiyar dare. A ganina wanda ya sauka ƙarfe biyu, ba mai taryensa, gara ya nemi kujera a cikin ginin ya jira asuba. A kula fa, wanda ya fita daga ginin masu gadi ba sa barinsa ya koma.

Wuri na biyu da ake wannan wasa shi ne babbar tashar jirgin ƙasa ta Sabuwar Delhi, musamman ƙofar da ke fuskantar unguwar Paharganj, inda ƙananan masaukai suka yi yawa. Mutum zai tare ka kafin ka shiga, da riga fes, da wani kati rataye a wuya, ya ce a nuna tikiti. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce an soke jirgin, ko kuwa sai an buga wa tikitin hatimi a wani ofis da ke cikin gari, ga ma mai keke zai kai ka. Babu wani hatimi da ake bugawa. Mai duba tikiti na gaskiya a cikin jirgi yake zagayawa. Lambar jirgi da dandalin da zai tsaya suna kan babban allo a cikin tasha, kuma kowane tikiti yana da lamba mai alƙaluma goma wadda za a iya bincika matsayinsa da ita ta intanet ko ta kiran 139. Abin da ya cancanci dubawa da gaske shi ne sunan tashar da ke kan tikitin, don Delhi tana da manyan tashoshi fiye da ɗaya. Jirgin Gatimaan, alal misali, mai zuwa Agra cikin minti 100, daga tashar Hazrat Nizamuddin yake tashi.

Ofisoshin nan na bogi sun fi yawa a kewayen Connaught Place, zagayayyar kasuwar nan mai fararen ginshiƙai da Turawan Ingila suka gina lokacin da suka mayar da mazaunin mulkinsu daga Kalkata zuwa Delhi. Kowannensu ya rubuta gwamnati a allonsa da manyan baƙaƙe. Na gwamnatin Indiya na gaskiya yana lamba 88 a titin Janpath, kuma ba ya aika kowa kan titi ya yi masa farautar baƙi. A nan ne kuma ake wata 'yar dabara mai ban dariya in ba kai ta faɗa wa ba. Kana tafiya sai mai gyaran takalmi ya nuna ƙafarka, ka duba ka ga kashin shanu a kan takalminka. Shi ko yaronsa ne ya ɗiga maka. Zai goge, sa'an nan ya faɗi kuɗin da ya isa sayen sabon takalmi.

Kada wannan ya sa a ɗauka Delhi ba ta da abin gani. Tsohuwar Delhi, wadda Sarki Shah Jahan ya gina, tana da Jan Ganuwa da aka gama a 1648, da babban masallacin Jama da aka gama a 1656, wanda harabarsa ke ɗaukar dubban masallata. Tsakaninsu da kasuwar Chandni Chowk tafiyar ƙafa ce. Akwai ranakun da ake rufe wurare da gaske, kuma sanin su yana maganin ƙarya: Taj Mahal da ke Agra, alal misali, ranar Juma'a. Cinkoson wannan yanki ya fi ƙarfin misali, 'yan sane kuwa a nan suke kiwo, saboda haka jaka ta koma gaba, fasfo ya shiga cikin riga. A hubbaren Shaihu Nizamuddin, wanda ya rasu a 1325, za a iya tare ka da babban littafi a ce ka rubuta sunanka, sai ka ga waɗanda suka riga ka duk an rubuta musu makudan kuɗi. Sadaka ganin dama ce, ka ba da abin da ka yi niyya ka wuce.

Keken nan mai ƙafa uku, kore da rawaya, ba baƙo ba ne a wurinmu, daga can ma ake kawo mana yawancinsu. Suna da mita, amma sau da yawa za a ce ta lalace, to, sai a yanke ciniki kafin a hau. Wanda ya ce zai zagaya da kai gari a kan kuɗi kaɗan, kantunan darduma da na duwatsun ado zai zagaya da kai, inda yake da la'ada. Mai son kayan tsaraba ba tare da ciniki ba ya tafi kantunan jihohi da ke titin Baba Kharak Singh, inda farashi a rubuce yake. Kayan da ke cikin kwali ko kwalba kuwa doka ta sa a buga musu iyakar farashi, bayan haruffan MRP. In an sayi ruwa a duba wannan, a duba murfin kuma ko an taɓa buɗe shi.

Sai batun kuɗi. A watan Nuwamba na 2016 gwamnati ta soke tsofaffin takardun rupi 500 da 1,000, a 2023 kuma aka fara janye ta 2,000. Wanda ya yi canji a lungu yana iya tashi da takardun da ba sa sayen ko shayi. A yi canji a banki ko wurin mai lasisi, a karɓi rasit. Sabuwar takardar 500 ruwan toka ce, da hoton Jan Ganuwa a bayanta. In za ka miƙa ta, faɗi adadinta da ƙarfi, domin akwai masu saurin hannu da kan musanya ta da ƙarama su ce ai 100 ka bayar. Yagaggiyar takarda kuma kada ka karɓa a canji, na gaba ba zai karɓa daga hannunka ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi a cikin baƙin Delhi shi ne majinyaci da mai jinyarsa, don su ba su da ƙarfin ja-in-ja. Akwai tafintoci da dillalan asibiti na kirki, akwai kuma waɗanda za su karkatar da mara lafiya daga asibitin da ya aiko masa takardar gayyata zuwa wanda ke ba su kaso mafi tsoka. Abin takaici, wani lokaci mai yin haka harshenku ɗaya, da sallama da gaisuwar gida zai fara. A nemi kiyasin kuɗin aiki a rubuce daga asibitin kansa, a biya a wurin mai karɓar kuɗi na asibiti, kuma kada a bar fasfo a hannun dillali. Wanda bizarsa ta jinya ko ta karatu ta wuce kwana 180 wajibi ne ya yi rajista da ofishin rajistar baƙi cikin kwana 14 da isowarsa, kuma zarce wa'adin biza laifi ne da ke kai mutum tsare. Haka nan ranar komowa, kada a karɓi saƙon da ba a buɗe an gani ba, ko na wane ne. A ƙarƙashin dokar miyagun ƙwayoyi ta 1985, wanda aka kama da kaya mai yawa ɗaurinsa daga shekara 10 ne zuwa 20.

Mata su sani an keɓe musu tarago guda a jiragen Metro, kuma ya fi musu kwanciyar hankali lokacin cinkoso. A cikin jirgin ƙasa mai dogon zango kuwa, hukumar jiragen da kanta tana gargaɗin kada a ci abinci ko a sha abin sha daga hannun wanda ba a sani ba, saboda masu sa maganin barci su kwashe kaya. Indiyawa mutane ne masu son tayi, yawancinsu da zuciya ɗaya, amma a nan a yi godiya a ce an ƙoshi.

In abu ya faru, lambar gaggawa a duk ƙasar ita ce 112. Akwai kuma 1363, wadda ma'aikatar yawon buɗe ido ta buɗe a 2016 don baƙi, ana amsawa dare da rana, har da Turanci da Larabci da Faransanci. Wanda fasfonsa ya ɓata ya fara zuwa ofishin 'yan sanda mafi kusa ya karɓi takardar rahoto, sa'an nan ya nufi ofishin jakadancin ƙasarsa. Na Nijeriya yana unguwar Chanakyapuri. Aikin zai fi sauri in mutum yana da hoton shafin fasfonsa da na bizarsa, ɗaya a waya, ɗaya a takarda cikin wata jakar dabam.