Ranar da Alhaji ya mayar da mukulli a N'Djamena

Ku janyo tabarmar nan kusa, Ƙawa, tura mana ƙofa. Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan, don in Alhaji ya ji na tona shi, hutun baɗi a tsakar gida zan yi shi.

Kun san tun da ya yi ritaya yake cewa sai ya kai ni N'Djamena, inda kakansa ya yada zango a tafiyar Makka ta ƙasa, tun garin yana Fort-Lamy, kafin a canza masa suna a 1973. A jirgi muka je, cikin sanyin Janairu, don an ja mana kunne kan zafin Afrilu da ke haura maki 40. Muna sauka a filin jirgin Hassan Djamous aka tuna mana rajistar baƙi da ake yi wurin 'yan sanda cikin kwana uku. Muna gamawa Alhaji ya ce hayar mota zai ɗauka, kuma shi zai ja abarsa.

Mai motocin ya yi lallashin duniya a haɗa mu da direba, ya ce haka baƙi ke yi. Alhaji ya gyara zaman hula ya ce wanda ya shekara talatin yana ratsa cunkoson Sabon Gari ba a koya masa tuƙi, ga shi su ma hannun dama suke bi kamar mu.

Yaya, kina tambaya ko ban hana shi ba? Ina na ga bakin magana, alhali ni na fara kwafsawa? A gidan mai na zaro sefar da na canzo wurin wata 'yar Maraɗi, yaron ya juya takardar ya miƙo min abata. Ashe sefa biyu ce. Ta Nijar ta Afirka ta Yamma ce, ta Chadi kuwa ta Afirka ta Tsakiya, irin ta Kamaru. Darajarsu ɗaya, amma kowacce da gidanta.

Cikin gari dai Allah ya rufa asiri, duk da 'yan acaɓarsu, masu suna kilando, sun sa Alhaji ya zagaya wani shataletale sau uku yana salati. Wahalar ta same mu a hanyar Gaoui, ƙauyen da bai fi kilomita 10 daga gari ba. Taswirar waya ta ce mu yanke, muka sauka daga kwalta. Muka tsaya tambaya, Hausa ta ƙi ci a wurin. Mutanen Larabcin Chadi suke yi, irin na Shuwa da muke ji a Borno, sai Faransanci. Alhaji ya kwaso Larabcin makarantar zaure, har da i'irabi, wani dattijo ya saurara da ladabi, ya shafa addu'a, ya wuce. Ku daina dariya mana, a ji mu! Ba mu yi nisa ba ƙaramar motar ta kafe a rairayi. Samari huɗu suka turo mu, babbar rigar nan ta shadda ta koma kalar ƙasa. Da la'asar, ba tare da ya dube ni ba, Alhaji ya mayar da mukulli.

Washegari aka ba mu Hilux da direbanta, wani kamilin mutum mai Larabci da Faransanci da Hausa daidai gwargwado. Kafin a tada mota ya sa aka yi magana dalla-dalla: nawa ne kuɗin yini, mai a wuyan wa, nawa ake ƙarawa in an fita gari, wa zai ciyar da shi. Shi ya bi mana takardar izinin zirga-zirga da baƙo ke buƙata a wajen birni, ya buga kwafi da yawa saboda shingaye. Da muka iso yashin jiya, sai kawai ya rage wa tayoyi iska ya wuce. Alhaji ya yi kamar yana duba waya.

Gaoui kuwa ta biya wahalar. Garin Kotoko ne, masu danganta kansu da mutanen Sao na da. Mata ke zana bangon gidaje da launi, su ke gina tukwane, tsohon gidan sarki kuma ya zama gidan tarihi. Tulun da ke ƙofar kicin ɗina daga can yake. Rana ta uku muka nufi Dougia, kimanin kilomita 80 arewa, a bakin kogin Shari, muka ƙarasa Hadjer el Hamis muka ga dutsen nan mai siffar giwa. Alhaji ya so mu leƙa Tafkin Chadi, direba ya ce sam, ba a shiga yankin kara zube, kuma magariba a gari za ta same mu. Wannan karon ba musu.

Ni ma ya cece ni. Kusa da gadar Nguéli, wadda ke haye kogin Logone zuwa Kousseri ta Kamaru, na ɗaga waya zan ɗauki hoto, ya ce, "Hajiya, sauke!" Gada, fadar shugaban ƙasa, bariki, duk ba a ɗauka. Don ya wanke min rai ya kai mu inda muka ci kifin salanga, muka kora da karkanji, wato zoɓonsu.

Yanzu Alhaji gandun dajin Zakouma yake mafarki, tafiyar kusan kilomita 800, kuma da bakinsa ya ce sai da wannan direban. To in Allah ya kai ku, ku ɗauki mota mai ƙarfin shiga yashi tare da direbanta, ku canzo sefar da ta dace, ku gama ciniki kafin a tada inji. In kuma kun ji Alhaji yana ba da labarin yadda ya tuƙa mu har Gaoui, don Allah ku ce masa sannu da ƙoƙari.