Baƙon da Ya Zo Neman Sarewa

Tun da 'ya'yanmu suka gano cewa kwamfuta tana iya kaɗa kalangu, ta busa algaita, har ta miƙe muryar da Allah bai miƙe ba, ta yadda yaro zai shiga situdiyo da hantsi ya fito kafin la'asar da waƙa cikin wayarsa, sai tunanin wani dattijo Ba'amurke ya riƙa dawo mini, wanda ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985, alhali akasarinmu ba mu san matsayin wanda ke tsakaninmu ba.

Yusef Lateef ke nan, haifaffen 1920, wanda ya tashi a birnin Detroit, ya shiga Musulunci ta hannun jama'ar Ahmadiyya, hukuncin wannan kuwa na malamai ne. Ya busa ƙahon saksafon a ƙungiyar Dizzy Gillespie a 1949, daga baya ya yi aiki da Cannonball Adderley, waɗanda duk manya ne a kiɗan jaz, kiɗan da asalinsa shi ne mabushi ya ɗauki karin da kowa ya sani, ya ƙaga sabo a kansa nan take, abokansa suna saurare suna ba shi amsa. Mutumin da ya kai wannan muƙami, ya kuma sami digirin dakta a fannin ilmi daga Jami'ar Massachusetts a 1975 bisa nazarin da ya gwama tarbiyyar Turawa da ta Musulunci, shi ne ya haye teku bayan ya ba shekara sittin baya, ya sauka a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, domin binciken sarewar Fulani, wadda mu muka ɗauka abin ɗebe kewar yaro ne a bayan shanu.

Abin da rayuwa ta sanar da ni da wuya, wanda matasa ba sa son ji, shi ne cewa ilhami ba ya sauka a kan malalaci. Kamar yadda ba a yarda da ijtihadin wanda bai ƙoshi da usulu ba, haka ƙagen nan take ba ya zuwa sai bayan shekaru na bita da maimaici. Lateef ya wallafa babban kundi na matakan sauti da zubin kari a 1981, kuma har yau mabusa suna gumi a kansa. Yaran yanzu suna son 'yancin, ba sa son horon.

Sai dai kada in cika baki. Marigayi Mamman Shata bai buɗe irin wannan kundi ba, amma yana iya kallon mutum sau ɗaya ya tsara masa waƙa a tsaye, 'yan amshi na biye, har jami'ar nan ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. To, wa ya karantar da shi? Kunne ne, da yawo, da daɗewa cikin mutane. Watakila ma littafin ba shi ne sharaɗi ba, sauraro ne. Sauraro kuwa ba ya samuwa ga zuciyar da ba ta san natsuwa ba. Lateef bai so a kira kiɗansa jaz ba, yana ganin sautin gaskiya daga jiki da hankali da ruhin mutum yake fitowa gaba ɗaya, kuma a wajajen 1980 ya daina busa a wuraren da ake sayar da giya, duk da cewa a nan abincin mabusa yake. Wanda ya saba da tafakkuri bayan salla ya san wannan ba baƙon zance ba ne. Ina yaron da zai iya ajiye waya ya yi shiru na sa'a guda?

Lateef ya koma ƙasarsu ya ci gaba da koyarwa a Massachusetts, ya karɓi lambar Grammy a 1988, bai ajiye busa ba har ajali ya riske shi a Disambar 2013 yana da shekara 93.

Mu kuwa me muka ajiye? Na zargi na'ura, amma da a ce muna da irin wayoyin nan a lokacinmu, da ba mu yi hasarar da muka yi ba. A ƙauyenmu akwai wani tsohon Bafillace wanda in ya busa da yamma mata kan dakata da daka, kuma bai taɓa maimaita kari ɗaya yadda ya busa shi jiya ba. Duk muna ji, masu boko da masu allo, babu wanda ya ɗauki sautinsa, babu wanda ya kai masa ɗa ya ce koya masa, domin muna ganin busa ba aikin ɗan mutunci ba ne. Baƙo ya biya kuɗin jirgi saboda abin da muke samu kyauta a bakin ruga. Jikokin tsohon nan yanzu a-daidaita-sahu suke tuƙawa a Kano, kuma da na tambayi babbansu ko ya gaji busar, sai ya ce ko sarewar ba su san wanda ya ɗauka ba.